Yadda zaka gyara zarar takobi a iaido, daga fitarsa kube har komawarsa

Akwai wata ƙara da kube yake yi in mutum ya zare takobi ba daidai ba, wani ƙurrr kamar ana kankare katako da wuƙa, duk wanda ya taɓa shiga ɗakin koyon iaido ya san ta. Malaminmu ko yana can ƙarshen ɗaki ya ba ka baya, da ya ji ta zai ce "hannun hagu", shikenan, ba zai ƙara komai ba. Na ɗauki wata da watanni kafin na gane abin da yake nufi, kullum hankalina yana kan hannun dama tunda shi ke riƙe da takobin, har ranar da na ga kuben nawa ya tsage ta wajen baki, tsaga mai tsawon ɗan yatsa, daidai inda tafin hannuna na hagu yake kwanciya. Da takobi mai kaifi ne a hannuna ranar da sai asibiti. Shi ya sa nake rubuta wannan, don wanda ya fara ko yake shirin farawa.

Iaido fasahar Japanawa ce ta zare takobi daga kube a yi sara a cikin motsi guda, a kammala, a karkaɗe shi, a mayar. Ana danganta asalinta ga Hayashizaki Jinsuke Shigenobu wanda ya rayu a ƙarni na 16, kuma daga zuriyar koyarwarsa manyan makarantu biyu da suka fi yaɗuwa yanzu suka fito, Muso Jikiden Eishin-ryu da Muso Shinden-ryu wadda Nakayama Hakudo ya tsara. Amma yawancin masu farawa da kata, wato tsararren jerin motsi, guda goma sha biyu na hukumar kendo (wasan takobin gora) ta Japan suke somawa, waɗanda ake ce wa seitei. An fitar da bakwai a 1969, aka ƙara uku a 1980, biyun ƙarshe a 2000. A kan na farkonsu zan tsaya, sunansa Mae, wato gaba, don tushen abin da zaka buƙata a sauran sha ɗayan yana cikinsa: nukitsuke zarar farko, kirioroshi saran sama zuwa ƙasa, chiburi karkaɗe jini, noto mayarwa kube.

Tun kafin mu je ko'ina, rubutu ba ya maye gurbin malami. Wannan na gyaran abin da aka nuna maka ne a lokacin da kake kai kaɗai.

Kayan aiki da wurin yi

Da bokuto ake farawa, takobin katako, in da hali wanda yake da kuben roba. Daga nan sai iaito, shi ƙarfe ne na haɗin zinki da alminiyam, yana da siffa da kusan nauyin takobin gaske amma ba kaifi, kuma ba a saran komai da shi, ba a karo da shi da wani takobi, karyewa zai yi. Shinken, takobin gaske mai kaifi, kuwa ka cire shi daga ranka na shekaru, sai malami da kansa ya ce lokaci ya yi.

Tsawon takobi da shaku ake auna shi, shaku ɗaya santimita 30.3 ne. Mutum mai tsayin santimita 170 zuwa 175 yawanci shaku 2.4 ko 2.45 ke dacewa da shi. In takobin yana gabanka, riƙe shi da dama kusa da tsuba, wannan faifan da ke raba mariƙi da ruwan takobi, ka saki hannunka ƙasa, tsinin ya kusa taɓa ƙasa amma kar ya taɓa. Dan Allah kar ka sayi mai nauyi don burgewa, gwiwar hannu ce zata biya kuɗin.

Duk ranar da zaka yi atisaye ka fara duba mekugi. Wani ɗan ƙaramin turken gora ne da ya ratsa mariƙin, shi kaɗai ke riƙe da ruwan takobin a ciki. In ya yi sako-sako ko ya faɗi, sara ɗaya zaka yi ƙarfen ya fice ya bar ka da mariƙi a hannu, ya tafi inda Allah ya so. Danna shi da babban yatsa ka ji ya zauna daram, sannan ka kifa kuben a hankali da hannunka a tare ka ga ko takobin zai zamo da kansa.

Wuri kuma, ɗaga takobin sama iyakar hannunka ka ga me zai taɓa. Fankar sama da ƙwan fitila su ne abin da aka fi fasawa a gida. A fitar da yara, a rufe ƙofa. Kan siminti ko tayil sai da abin kare gwiwa irin na 'yan wasan kwallon raga, kuma tabarma mai zamewa ba ta yi.

Ɗamara, obi kenan, tana zagaya ƙugu sau uku, takobin yana shiga cikinta ta hagu, kaifinsa yana kallon sama. Nan ya bambanta da takobinmu na gida wanda yake miƙaƙƙe mai baki biyu ana rataya shi a kafaɗa da hamila. Na Japan lanƙwasasshe ne, baki ɗaya, kuma kuben yana iya zamewa gaba da baya a cikin ɗamarar, to wannan zamewar ita ce rabin fasahar. In ka ɗaure tamau kube ba zai motsa ba, in ka sassauta da yawa takobin zai rinƙa reto. A tsarin seitei tsuba tana zama daidai gaban cibiya.

Zama da kallo

Mae daga seiza yake farawa, zaman durƙuso kan dugadugai. Mu da muka saba zaman tahiya gwiwarmu ba ta shan wahalar da wasu ke sha, sai dai a seiza ƙafafu biyun duka a kwance suke, bayan ƙafa a ƙasa, ba a kafe ta dama. Tsakanin gwiwoyi kamar dunƙulen hannu ɗaya ko biyu, hannuwa kan cinya, baya a miƙe kamar an ja ka da zare daga tsakar kai. Ido ya sauka a ƙasa kamar mita 4 zuwa 5 gabanka, ba zuru a kan abu ɗaya ba, Japanawa suna ce masa enzan no metsuke, kallon dutse mai nisa, kana ganin komai har gefe da gefe. Ka yi numfashi biyu a natse, a shaƙa ta uku ka fara.

Abu ɗaya da masu farawa ke mantawa, akwai abokin gaba. Babu kowa a gabanka amma dole ka gan shi, mutum mai tsayinka yana zaune yana fuskantarka, ka san inda goshinsa yake da inda haɓarsa take. In babu shi saranka zai rinƙa sauka a ko'ina, yau sama gobe ƙasa, kuma ba yadda zaka gyara abin da ba shi da ma'auni.

Nukitsuke, inda aikin yake

Hannuwa biyu su tashi tare zuwa takobi, a hankali, ta ƙasa, kar gwiwar hannu ta buɗe kamar fiffike. Hagu ya kama bakin kube, koiguchi, ma'anarsa bakin kifi. Babban yatsa ya tura tsuba gaba kaɗan har takobin ya saki. Kula da inda ka ɗora yatsan, kar ya zama daidai saman kaifi, ka kawar da shi ɗan ciki ta ɓangaren jikinka. Da iaito ba zaka ji komai ba in ka yi kuskure, shi ya sa ɗabi'ar ke kama mutum, sai ranar da ya riƙe shinken ya yanke yatsa.

Yanzu ka fara miƙewa kan gwiwoyi, ka kafe yatsun ƙafa, takobin yana fita a hankali, gindin mariƙin yana nufar tsakiyar abokin gabanka kamar kana tura shi da shi. Ba gefe ba. Da yawa suna jan takobin zuwa dama tun daga farko don suna gaggawar yin saran, to nan ne kaifi ke cin bangon kube, nan ƙarar nan take fitowa. Yana fita kana kwantar da kuben da hannun hagu har kaifin ya kalli waje. Hagu ke juyawa, dama bi kawai yake.

In ya rage kamar yatsu uku na tsinin a ciki, sai sayabiki. Wannan shi ne "hannun hagu" ɗin malaminmu. Ka ja kuben baya da ƙarfi, ƙaramin yatsanka yana goga ɗamara, yana bin ƙugu yana zagayawa baya, har kuben ya kwanta a gicciye a bayanka. Kube ne ke barin takobi, kaga ba sai hannun dama ya miƙe fiye da kima ba balle kafaɗa ta bi shi ka sunkuya. A daidai wannan lokacin ƙafar dama ta taka gaba, ƙaramin yatsa da na kusa da shi na hannun dama su matse, tsinin ya fyaɗa a kwance zuwa gefen goshin abokin gaba. Ƙirji ya buɗe amma cibiya tana kallon gaba. In ka tsaya, tsinin ya ɗan fi kafaɗarka ta dama ƙasa, kuma kar ya wuce can dama kamar ka buɗe ƙofa, yana nan yana tsare da mutumin.

Ga yadda na gyara nawa. Na ajiye saran gaba ɗaya na sati biyu. A tsaye, ina zarewa da ƙirga takwas a zuci, in tsinin ya zo baki sai na tsaya cak, na daskarar da hannun dama, na fitar da sauran da hagu kaɗai. Sau talatin kullum. Idan tsinin ya ƙi fita ba tare da dama ya motsa ba, ko dai sayabiki bai kai ba ko takobin ya yi maka tsawo. Bayan ka gama ka kifa kuben a tafin hannu ka bubbuga, in garin katako ya zubo to har yanzu kana cin kube, in babu komai ka samu hanya. Wannan gwajin ba ya ƙarya wallahi.

Sai maganar sauri. Suna da kalma jo-ha-kyu, farawa a hankali, ƙaruwa, sannan ƙarshe kamar walƙiya. Zara ba gudu ɗaya take da shi daga farko zuwa ƙarshe ba, santimita goman ƙarshe ne kawai masu sauri. Akwai kuma jerin da ake koya wa ɗalibai, dai, kyo, soku, kei: girma, ƙarfi, sauri, sauƙi. Sauri na uku ne. Wanda ya fara da shi motsinsa ƙanƙancewa yake yi, kuma buɗe motsin da ya riga ya ƙanƙance ya fi koyon sabo wuya nesa ba kusa ba.

Ɗaga takobi da saran ƙasa

Daga nukitsuke hannun hagu ya dawo da bakin kube gaban cibiya, tsinin takobi ya bi ta gefen kunnen hagu kamar zaka soki wani abu a bayanka, gwiwar hagu ta matso kusa da diddigen dama, takobin ya hau saman kai, hagu ya kama mariƙi. A Mae kar tsinin ya faɗi ƙasa ta bayanka, ya tsaya a kwance ko sama da haka. Kuma kar ka tsaya hutawa a sama, hawa da sauka abu ɗaya ne.

Riƙo: hannun hagu kusa da ƙarshen mariƙi, dama kusa da tsuba amma ba manne da ita ba, hannuwan sun hau ta sama, kwarin da ke tsakanin babban yatsa da manuniya yana kan bayan mariƙin. Ƙananan yatsu ke riƙewa, manuniya da babban yatsa a sake suke. A lokacin da saran ya isa sai ka matse ciki kaɗan da hannu biyu kamar mai matse jiƙaƙƙen tsumma, wannan shi ne tenouchi, daga nan ka sassauta.

Ba faskare ba ne. Mai faskare ƙasa yake nufa da gatari da dukkan ƙarfin kafaɗa, shi kuwa wannan saran gaba yake zuwa, tsinin ya zana babban baka kamar zai share silin, ya isa kan abokin gaba hannuwa a miƙe, sannan ya ratsa ƙasa. Hagu ke ja, dama saiti kawai yake. Ƙafar dama tana takawa gaba tare da saran. A ƙarshe dunƙulen hagu yana gaban cibiya, tsinin ɗan ƙasa da kwance, kuma ya tsaya cak ba rawa. In yana tsalle sama bayan ya tsaya, ƙarfin dama ya yi yawa.

Yawancin iaito suna da wani kwari da aka fafe a tsawon ruwan takobin, shi ke sa ya yi fito in ya tsaga iska. Wannan fiton malami ne na biyu. In kaifin ya bi layin saran sak zaka ji fiit gajere mai tsabta, in ya karkace zaka ji fuuu ko shiru. Sannan ka saurari inda ƙarar take fitowa, a sama gabanka ake so, inda kan mutumin yake. In sai wajen gwiwarka kake jinta to ka makara, ƙarfin ya zo bayan an wuce wurin. Amma kar ka koma farautar ƙara, na ga waɗanda suka lalata saransu don kawai a ji su daga ƙofa.

Chiburi

Wannan ba zan daɗe a kai ba. Hagu ya koma ƙugu kan kube, dama ya buɗe takobin zuwa gefe a tsayin kafaɗa, ka lanƙwasa gwiwar hannu dunƙulen ya zo kusa da gefen goshi, kana miƙewa tsaye ka karkaɗo shi ƙasa a karkace ta gabanka. Ya tsaya gaba ta dama, tsini ƙasa kuma ɗan ciki, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, ƙugu a ƙasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaga kai sama da ƙasa wajen canja ƙafa. Hagu ta zo daidai da dama, dama ta koma baya, tsayin kanka bai canja ba, idonka na kan wanda ya faɗi.

Noto

Nan ne aka fi yankewa, kuma nan ne mutum ya fi son leƙa kube. Kar ka leƙa. Hannun hagu ya naɗe bakin kube, babban yatsa da manuniya su yi ɗan ƙaramin baki a samansa yadda katakon ba ya fitowa. Kawo bayan takobin, wajen kusa da tsuba, ya kwanta a kan wannan hannun. Dama ya ja gaba ta dama, hagu ya ja kube baya, sayabiki ya dawo kenan, har tsinin ya faɗa cikin bakin da kansa. Daga nan ka daidaita kube da layin takobi, hagu ya kawo kuben ya tarye shi, suna haɗuwa a hankali kana sauka, gwiwar dama ta taɓa ƙasa daidai lokacin da tsuba ta iso hannun hagu. Babban yatsa ya hau tsuba, ka miƙe, ka koma baya farawa da ƙafar hagu.

Makarantu sun bambanta a nan, 'yan Muso Shinden-ryu a kwance suke shigar da shi sannan su juya, 'yan Eishin-ryu kaifi na sama. Bi na malaminka kar ka haɗa biyu daga bidiyo. In tsinin yana sukar fatar da ke tsakanin yatsunka, kana tura shi ne kafin ya faɗa. In yana tokarewa a ciki, kuben bai hau layi ba. Yi shi a tsaye sau hamsin kana kallon bango, in ya zauna ka gwada ido a rufe, da iaito ko bokuto kawai.

Kuma kata bai ƙare don takobi ya shiga ba. Zanshin suke cewa, hankalin da ya rage, kana nan a shirye ko mutumin zai motsa. Ana gane wanda ya rasa shi daga kafaɗunsa, da tsuba ta rufe sai su zube.

Yadda zaka tsara atisayenka

Minti talatin kullum ya fi awa uku ranar Lahadi. Ni minti biyar nake ba gwiwa da wuyan hannu da kafaɗa su yi ɗumi, sai sara talatin a tsaye manya a hankali, sai zarewa da mayarwa talatin, sannan Mae sau goma. A cikin goman nan abu ɗaya tak nake gyarawa, in yau sayabiki ne to ko chiburi ya karkace ba ruwana, gobe ma rana ce. Wanda ya ce zai gyara abu biyar a tashi ɗaya jikinsa sandarewa yake.

Jingina wayarka ka ɗauki bidiyo, ɗaya daga gaba ɗaya daga gefe. Na gaba zai nuna maka ko saran yana bin tsakiya da ko kafaɗar dama ta ɗaga, na gefe zai nuna sunkuyo da faɗuwar tsini a baya. Madubi yana da amfani amma yana sace ido daga abokin gaba, kar ka saba da shi. Ka riƙe ɗan littafi, duk gyaran da malami ya yi maka rubuta shi da kalmominsa a ranar, don bayan wata shida zaka karanta ka fahimci wani abu daban da abin da ka fahimta da farko. In ana gwada wa wani ɗalibi kai ma tsaya ka kalla, kallo kansa atisaye ne a wurinsu.

In kana shirin jarrabawar hawa mataki, wadda suke kira dan, ko gasa, a tsarin hukumar kata biyar ake yi cikin minti 6 har da gaisuwar buɗewa da ta rufewa, don haka wani lokaci ka sa agogo. Ita gaisuwar akwai sunkuyawa a ciki, ga ɗaki da ga takobi, in kana da damuwa a kai ta fuskar addini ka zauna da malamin tun ranar farko ku yi magana a fili, kar ka bari sai ana tsakiyar aji.

Ciwo kuma a bambance shi. Gajiyar cinya da tafin hannu ba komai, amma suka a cikin gwiwa ko zafi a gwiwar hannu ta waje alama ce ta tsayawa. Ana yin Mae a tsaye, dattawa da yawa haka suke yi kuma ba wanda ya raina musu.

In ka gama goge ruwan takobin da ƙyalle mai laushi daga tsuba zuwa tsini ta bayansa, gumin hannun hagu duk yana kai saboda noto, ka shafa mai ɗan kaɗan. Kar ka sa wa iaito garin uchiko da ake goge shinken da shi, yana cinye rufin ƙarfen. Bakin kube zai sassauta da yawan aiki, wannan dole ne, in ka ga takobin ya fara zamowa da kansa a liƙa siririn ɓawon katako a cikin bakin, ka nemi wani babba a ɗakin ya nuna maka gefen da ake sawa karon farko. Sannan a cikin jaka ake fita da shi, a ɗaure, ko da iaito ne, wanda ya gan ka a titi bai san ba shi da kaifi ba.